Ƙarin Wa'adi a Gasar Harba Roka ta 'Yan Sha'awa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wata matsala wadda takan taso wa duk wanda ya shirya gasar harba roka zuwa sararin samaniya, ya sa lada, ya yanka wa'adi, sa'an nan ranar ta ƙarato ba wanda ya kai ga gaci. A irin wannan lokaci ne masu takara sukan taso da roƙon a ƙara musu kwanaki, shi kuwa mai gasar ya rasa abin da ya fi: ya ƙara, ko kuwa ya naɗe tabarmarsa ya koma da kuɗinsa. Maganar ba ƙarama ba ce, domin a bayan kowace roka akwai mutanen da suka zuba dukiyarsu da shekarunsu a cikinta, wasu ma har da bashi.

Idan muka ce 'yan sha'awa, muna nufin waɗanda ba gwamnati ce ta ɗauke su wannan aiki ba, ba kuma wani babban kamfani ne yake biyansu ba. Cikinsu akwai injiniyoyi masu zuwa ofis da rana su dawo su shiga gareji da dare, akwai ɗaliban jami'a, akwai makanikai da malaman makaranta. Gasa biyu ne na irin waɗannan mutane za mu fi tsayawa a kansu, watau gasar CATS ta Amurka da gasar N-Prize ta Ingila. Amma za mu riƙa leƙa waɗansu gasanni na ƙananan kamfanoni da na jiragen sama, saboda a can ne aka fi ganin yadda ƙarin wa'adi yake ƙarewa.

Ra'ayin da muke so mu kafa shi ne, ƙarin wa'adi magani ne na cuta guda ɗaya tak, watau ƙarancin lokaci. In abin da ya tare hanya ba lokaci ba ne, to ƙarin ba ya haifar da kome sai jinkirta ranar da za a faɗi gaskiya.

2.0 Dalilin yanka wa'adi

Kowa ya san dalili na farko: aikin da ba shi da ranar gamawa yakan zama hira. Na biyu kuwa ya shafi mai kuɗin, domin ba wanda zai ɗaure dukiyarsa har illa masha Allahu yana jiran mai ci. Amma akwai wani dalili da masu roƙon ƙari ba su cika lura da shi ba, shi ne sau da yawa wa'adin ba ma a hannun mai gasar yake ba.

Gasar Ansari X Prize ta isa misali. Peter Diamandis ya sanar da ita a 1996, da ladan dala miliyan 10 ga ƙungiyar da ba ta gwamnati ba wadda ta fara kai kumbo mai wurin mutum uku tsawon kilomita 100 a sama, ta kuma maimaita da kumbon nan cikin mako biyu. To, amma fa kuɗin ba su cika a hannu ba. Abin da aka yi shi ne aka sayi inshora: aka biya wani kamfani kuɗin hannu, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyan ladan in an ci gasar kafin ƙarewar 2004. Watau kamfanin caca ya yi a kan cewa ba mai ci. Kumbon SpaceShipOne, wanda Burt Rutan ya ƙera da kuɗin Paul Allen, ya tashi ran 29 ga Satumba da ran 4 ga Oktoba 2004, saura wata uku wa'adi ya cika. Da an sami tangarɗa aka tsallaka zuwa 2005, da ko Diamandis ya so ƙari ba shi da ta cewa, sai dai ya sake neman kuɗi daga tushe.

3.0 Gasar CATS: wa'adin da ya cika ba mai ci

A cikin watan Nuwamba 1997 ƙungiyar Space Frontier Foundation ta Amurka ta sanar da gasar CATS, sunan da aka harhaɗa daga farkon kalmomin da ke nufin shiga sararin samaniya da araha. Sharaɗin shi ne a harba kaya mai nauyin kilo 2 zuwa tsawon kilomita 200, ba da kuɗin gwamnati ba, kafin ran 8 ga Nuwamba 2000. Ladan dala 250,000 ne. Akwai kuma ƙaramin lada na dala 50,000 ga wanda ya kai kilomita 120. Shekara uku ke nan aka bayar.

A takarda shekara uku tana da yawa. A fili kuwa ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne mafi ƙarfin hujjar masu neman ƙari. Roka irin wannan ba a harba ta a bayan gida. Tilas a sami izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta tarayya, wadda za ta tsare sararin wurin na ɗan lokaci. Tilas kuma a sami fili mai faɗi inda in roka ta karkace ba za ta faɗa kan kowa ba. Wurin da 'yan sha'awa na Amurka suka fi zuwa shi ne hamadar Black Rock a jihar Nebada, wadda gindin tsohon tafki ce. Da hunturu da farkon bazararsu ƙasar takan jiƙe ta zama taɓo, mota ba ta shiga. Ashe ke nan a cikin shekara guda 'yan watanni ne kawai na aiki, a cikinsu ma sai ranar da izini ya faɗa, ranar kuma sai iska ta yarda. Ƙungiyar da rokarta ta lalace a watan Satumba ta yi asarar shekara ce sukutum.

Haka kuwa ya faru ga Ky Michaelson, mutumin jihar Minesota, da ƙungiyarsa mai suna CSXT. Sun harba rokarsu a Black Rock cikin Satumba 2000, makonni kaɗan kafin cikar wa'adi, ta tarwatse a sama tun ba ta yi nisa ba. Ran 8 ga Nuwamba ta zo ta wuce, ba wanda ya ci babban ladan balle ƙaramin, aka rufe gasar.

Yanzu bari mu yi tambayar da ta dace: da an ƙara, me zai faru? A nan mun yi sa'a, domin tarihi ya ba mu amsa. Su Michaelson ba su daina ba. Sun sake gwadawa a 2002, rokar ta fashe jim kaɗan bayan tashi. Sai ran 17 ga Mayu 2004 rokarsu mai suna GoFast, mai tsawon kimanin mita 6.4 da nauyin wajen kilo 330, ta kai kilomita 116. Ita ce rokar 'yan sha'awa ta farko da aka tabbatar ta ƙetare kilomita 100, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin bakin sararin samaniya. Babban abin alfahari ne, ba shakka. Amma a lura da lambar: 116. Ko ƙaramin ladan CATS na kilomita 120 ba ta isa ba, alhali kuwa shekara uku da rabi ke nan bayan wa'adi. Sai a watan Oktoba 2024 ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka harba rokarsu Aftershock II a wannan hamada ta kai wajen kilomita 143. Shekara 24 bayan rufe gasa, kilomita 200 ɗin nan tana nan da sauran tafiya.

Saboda haka a ganinmu kuskuren CATS ba a wa'adi yake ba. Ma'aunin ne aka kafa nesa da inda hannun 'yan sha'awa na wancan zamani yake kaiwa. Ƙarin shekara ɗaya ko biyu ba zai rufe wannan tazara ba. Abin lura kuma shi ne rufe gasar bai kashe aikin ba, waɗanda suke yi don sha'awa sun ci gaba ba lada.

4.0 Gasar N-Prize: wa'adin da aka yi ta ƙarawa

Wannan gasa ta sha bamban da ta farko, har ma a halin mai ita. Paul Dear masanin ilmin halittu ne a Kambirij, ba shi da wata alaƙa da sana'ar roka. A 2008 ya sanar da ladan fam 9,999.99 ga wanda ya harba tauraron ɗan'adam mai nauyi tsakanin giram 9.99 da giram 19.99, watau kwatankwacin ƙaramin batirin rediyo guda, ya kewaya duniya sau 9, aka kuma tabbatar da haka. Sharaɗin da ya fi kowanne tsauri shi ne kada abin da harbin ya cinye, watau rokar da makamashinta da duk kayan da ba za su sake amfanuwa ba, ya wuce fam 999.99. Wa'adin farko shi ne ƙarfe 19:19:09 agogon GMT, ran 19 ga Satumba 2011. Mai karatu zai ga mutumin yana da raha da lamba tara, shi kansa kuma bai ɓoye ba cewa abin da ya nema ya yi kusa da gagara.

Da wa'adi ya zo ba wanda ya ko kusanci kewaya duniya, sai aka ƙara, aka kuma sake ƙarawa. Dear ya rasu a watan Maris 2020, gasar kuma ta rufe ba a ci ta ba. Don mu gane abin da ya sa ƙarin bai yi amfani ba, lalle ne mu ɗan tsaya a kan lissafi, ko da yake mun san ba dukan mahalarta wannan taro ne ma'abota kimiyya ba.

Kaiwa sararin samaniya daban, zama a can daban. Rokar GoFast ta yi abin da dutse yake yi in an jefa shi sama: ta hau, ta tsaya, ta faɗo. Don a cilla abu tsawon kilomita 100, gudun da ake bukata bai fi kilomita 1.4 a sakan ba, in aka ɗebe jan iska. In aka haɗa da asarar da iska da nauyi suke jawowa, a ce wajen kilomita 2. Shi kuwa tauraron ɗan'adam ba hawa kawai yake yi ba. Gudu yake yi a kwance, da saurin da ya sa yana faɗowa ƙasa tana lanƙwashewa tana kauce masa, don haka ba ya taɓa isowa. Wannan gudu wajen kilomita 7.8 ne a sakan, in kuwa aka haɗa da asarar hanya roka tana bukatar ta samar da kimanin kilomita 9.4. Tun da yake ƙarfin da ke cikin abu mai gudu yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa, tauraron da ke kewaya duniya yana ɗauke da ƙarfi wajen ninki 30 na wanda ake bukata don ɗaga shi kilomita 100.

Daɗin daɗawa, roka ita ce take ɗaukar makamashinta, kuma kowane kilo na makamashi da aka ƙara sai an ƙara wani don ɗaukarsa. Lissafin wannan sananne ne tun 1903, lokacin da Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya wallafa shi. Daskararren makamashin da 'yan sha'awa suka fi amfani da shi yana fitar da hayaƙi da gudun wajen kilomita 2.3 a sakan, in an yi sa'a. Da irin wannan makamashi, rokar da za ta leƙa kilomita 100 ta dawo ya ishe ta kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinta ya zama makamashi, kuma wannan mai yiwuwa ne a gareji. Amma wadda za ta kewaya duniya da zango guda, sai fiye da kashi 98 cikin 100 ya zama makamashi, a bar ƙasa da kashi 2 ga gangar jiki da inji da na'urori da tauraron kansa. Ba a iya ƙera irin wannan. Tilas a yi roka mai hawa-hawa, kowane hawa ya ƙone a yar da shi, na gaba ya kama a sama. Tilas kuma a sa mata na'urar da za ta karkata ta daga tsaye zuwa kwance daidai lokacin da ya kamata, in ba haka ba duk gudun ya tafi a banza.

Rokar da ta fi kowacce ƙanƙanta a cikin waɗanda suka kai tauraro ga kewaya duniya a lokacin da gasar take buɗe ita ce SS-520 ta hukumar sararin samaniya ta Japan. Ran 3 ga Fabrairu 2018 ta ɗauki tauraro mai nauyin wajen kilo 3. Tsawonta mita 9.5, nauyinta tan 2.6, hawanta uku, kuma ko ita gwajinta na farko a Janairu 2017 bai yi nasara ba. Wannan hukumar gwamnati ce mai ƙwararru. A gwada wannan da fam 999.99.

Abin sha'awa shi ne rabin matsalar lokaci ya warware ta. A watan Maris 2019 aka saki ƙananan taurari fiye da 100 daga cikin wani tauraro mai suna KickSat-2, kowanne ɗan falle ne mai nauyin giram kaɗan, aka kuma ji siginarsu a ƙasa. Watau tauraron da Dear ya nema ya samu, domin kayan lantarki kullum ƙara ƙanƙanta da araha suke yi. Amma babbar roka ce ta kai su can. Makamashi bai bi sawun lantarki ba, gudun hayaƙinsa na 2008 shi ne na 2019. Hausawa suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, to amma sai in akwai wuta a ƙarƙashin tukunyar. Ban da wannan kuma ga doka: yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da 'yan ƙasarta suka harba, shi ya sa Birtaniya ta kafa dokar 1986 mai neman lasisi. Wannan ma ba ƙarin kwanaki ne yake sauƙaƙa shi ba.

Ba muna cewa ƙarin da Dear ya yi laifi ba ne. Ladan ƙarami ne, kuma ga alama abin da ya fi damunsa shi ne mutane su yi ta tunani da gwaji. Sai dai wa'adin da aka ɗaga sau biyu ya daina tsorata kowa.

5.0 Inda ƙari ya yi rana

Misalin da masu neman ƙari suka fi kafa hujja da shi tsoho ne. A 1919 Raymond Orteig, mai otal a birnin Niyok, ya sa dala 25,000 ga wanda ya fara tuƙa jirgin sama tsakanin Niyok da Faris ba tsayawa, cikin shekara biyar. Shekarun suka ƙare ba wanda ya ko gwada. A 1925 ya sabunta tayin, a watan Mayu 1927 kuma Charles Lindbergh ya ci, bayan tafiyar awa 33 da rabi. Me ya sauya? Inji. A tsakanin shekarun nan an sami injin da iska take sanyaya shi, marar nauyi, mai iya kwana da wuni yana aiki, irin Wright Whirlwind da Lindbergh ya yi amfani da shi. Orteig ya ƙara wa'adi ne daidai lokacin da fasahar take isowa. Kada kuma mu manta mutum shida ne suka rasa rayukansu a neman wannan lada kafin a ci shi.

Gasar Google ta sauka a kan wata, wadda aka sanar a 2007 da babban lada na dala miliyan 20, ita ta koya mana wata dabara. Wa'adinta na farko ƙarshen 2012 ne, aka yi ta ɗagawa har zuwa 31 ga Maris 2018. Amma daga 2015 ƙarin ya zo da sharaɗi: ƙungiyar da ba ta nuna tabbatacciyar kwangilar rokar da za ta ɗauke ta ba kafin ƙarshen 2016, ta fita. Daga ƙungiyoyi 16 sai biyar suka rage. Duk da haka ba a ci ba, a Janairu 2018 aka sanar da rufewa. Kumbon SpaceIL ta Isra'ila, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya isa wata a Afrilu 2019 amma ya faɗi wajen sauka, kuma sai a Fabrairu 2024 kumbon wani kamfani mai zaman kansa ya fara sauka a can. Ko da yake ba a sami mai ci ba, mu a ganinmu irin wannan ƙari ya fi kowanne ma'ana, domin ya tilasta wa mai roƙo ya nuna cewa lokaci ne kaɗai ya rage masa.

6.0 Haƙƙin wanda ya cika alkawari

Saura wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba in ana maganar ƙari, shi ne wanda ya takura kansa ya cika sharaɗi a kan lokaci. Ƙarin da aka yi wa abokin takararsa daga aljihunsa aka cira.

An ga haka a fili a 2009, a gasar gwajin kumbon sauka a wata wadda hukumar NASA ta sa wa lada. Ana so roka ta tashi mita 50, ta daɗe sakan 180 a sama, ta sauka a wani fili da aka yi wa ramuka da duwatsu kamar doron wata, a sake zuba mata mai ta komo. In ƙungiya biyu suka cika, wadda ta fi sauka kusa da tsakiyar alama ita ce ta farko. Ƙungiyar Armadillo Aerospace ta jihar Tekzas, wadda John Carmack mai rubuta wasannin kwamfuta ya kafa da 'yan sa kai, ta cika sharaɗin ran 12 ga Satumba, da kuskuren wajen santimita 87. Ƙaramin kamfanin Masten na Kalifoniya aka ba shi ranakun 28 da 29 ga Oktoba. Ranar farko inji ya ƙi kamawa, rana ta biyu wuta ta kama rokar bayan zangon farko. Sai alƙalai suka ba su rana ta uku. Suka kwana suna gyara, ran 30 ga wata suka yi tafi da dawowa da kuskuren santimita 19 kacal.

Ba mai musun cewa rokar Masten ta fi iya sauka. Carmack ma ya yarda cewa dokokin gasar sun bai wa alƙalai ikon yin abin da suka yi, amma ya fito fili ya ce an ƙware shi. Mu kam muna ganin kukansa yana da tushe. Shi ya tsara aikinsa ne a kan dokar da ya karanta, bai san akwai wata rana ta daban da ake iya samu ba, kuma lokacin da aka bayar da ita damarsa ta riga ta wuce mako bakwai. Da an rubuta tun farko cewa wanda gobara ta tsayar yana da kwana guda na gyara, da kowa ya shiga da saninsa. Kwana ɗayan nan ya sa Masten ya tafi da dala miliyan ɗaya, Armadillo kuma da dala 500,000.